Injiniya Ba-A-Yarwa da Gilashin Kwana Ɗaya

Da asuba, tun kafin direbobi su zo ɗaukar motoci, Injiniya yana tsaye a bakin famfon bayan gareji. Ya jingina fasasshen madubin bas a kan tsohuwar taya, ya gwale ido da yatsu biyu, yana ƙoƙarin liƙa wa ƙwayar idonsa wani ɗan abu mai kama da ɓawon albasa. Hannun kam ya wanku, ba magana: sau biyu da fetur, sau ɗaya da garin sabulu, sannan aka goge da tsumman da ya goge inji jiya.

Allah ya yi mutane, ya kuma yi Injiniya. Shi ne shugaban makanikai a garejin kamfanin bas ɗinmu. Takardar injiniyanci dai ba wanda ya taɓa gani, amma wa zai nemi takarda a wurin mutumin da ya sa matatar man inji ta wata uku ta shekara biyu tana aiki? A bayan idonsa Ba-A-Yarwa muke ce masa. A gabansa kuwa Yallaɓai ne, har da ɗan rusunawa.

"Duk abin da masana'anta ta rubuta a jikin kwali," in ji shi, "ta rubuta ne don ka koma ka sake saye. Ƙarfe ba ya karatu. Ka wanke, ka shanya, ka mayar."

Mu kuma mu gyaɗa kai. Shekara ashirin muna gyaɗa kai, har wuyanmu ya iya aikin ba sai mun sa shi ba.

Da can tabarau yake sawa, mai kauri kamar gindin kwalba. Ranar da sabuwar manaja ta zo zagaye, ta dube shi da tausayi ta ce, "Baba, a kawo maka kujera?" Baba! Sati bai zagayo ba gashin kansa ya koma baƙi wuluk, tabarau ya ɓace, ya shigo mana da gilashin cikin ido, wanda 'yan gayu ke ce wa kwantak.

Likitar ido ta yi masa bayani dalla-dalla. Irin na kwana ɗaya ne: a sa da safe, a cire da yamma, a jefar. A wanke hannu da sabulu, a busar sosai kafin a taɓa shi. Kada ruwa ya taɓa shi, kada a yi barci da shi. In ido ya yi ja ko zafi, a cire nan take a zo asibiti. Daga "a jefar" kunnen Injiniya ya toshe.

"Abu lafiyayye, ko tsaga babu, a ce in yar?" Ya tara mu a gindin wata bas da aka ɗage. "Yarinyar nan ba ta san da wa take magana ba. Ruwan famfo kam na yarda, na jahilai ne. Amma mu masana muna da ruwan da ya fi na asibitinsu tsabta."

Ruwan batir yake nufi, tataccen ruwan nan da muke ƙara wa batir in ya yi ƙasa. Ya samo murafun kwalba guda biyu na jiƙa gilasan da dare, ya ɗiga wa ɗaya jan fenti don ya san na dama, ya ajiye su a kan kanta kusa da gwangwanin giris. Wanda ke ɗebo masa ruwan kullum da yamma Mai Birki ne, dattijon cikinmu, mutumin da kan wuni bai yi magana goma ba. Wani ma cikinmu cewa ya yi kamata ya yi a rubuta wa masana'antar wasiƙa su zo su koya. Muka ce ƙwarai kuwa.

Gilashin kwana ɗaya ya yi sati biyar. Da shi Injiniya ke shiga ƙarƙashin mota, tsatsa na zubo masa, ya murza ido da bayan hannu. Da shi yake barcinsa na rana a kujerar bayan bas.

Sai idon hagu ya yi ja.

"Sabon inji ma yakan yi zafi kafin ya zauna," in ji shi.

Ido ya fara zubar da ruwa.

"Wanke kansa yake yi."

Haske ya gagare shi, ya ɗora baƙin tabarau, muka ce ya yi masa kyau kamar matuƙin jirgin sama. Ranar Laraba ya tsaya ya yi wa tulin tayoyi faɗa na minti biyar, yana zaton wani direba ne da ya makara. Muka bar shi ya gama, don katse babba rashin ladabi ne.

'Yarsa ce ta kawo ƙarshen wasan. Ta shigo garejin, ta ɗaga baƙin tabaran, ta sake shi.

"Baba, ko ka shiga mota yanzu, ko in kira Mama ta zo nan a gaban yaranka."

Ya shiga. Mai Birki ne ya tuƙa su. Likita ta ce gyambo ne a kan baƙin idon, ƙwayoyin cuta sun yi gida a ƙarƙashin gilashin, kuma tace ruwa ba ya nufin babu cuta a cikinsa. Da an ƙara kwana biyu, da sai dai a yi ta'aziyyar idon. Ta rubuta maganin ɗigawa duk bayan awa ɗaya, ta hana kwantak sai ranar da ta ce. Da ta tambayi wanda ya ba shi wannan ruwa, Mai Birki ya tsura wa takalminsa ido kamar yau ya fara ganinsa.

Bayan sati uku Injiniya ya dawo da tsohon tabaransa, idon hagu na gani kamar ta gilashin motar da ta shekara ba wanki. Ya sake tara mu.

"Binciken da na gudanar ya nuna na hagun ne jabu. Na dama kuwa, kun gani da idonku, bai taɓa ba ni matsala ba."

Ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da murfin mai jan fenti. Gilashin dama na nan kwance a ciki tun ranar da aka kai Injiniya asibiti, ruwan ya yi kauri, ƙura ta yi masa rufi. Ya nufi madubinsa na bakin famfo da shi. Ido ɗaya ya rage wa mutumin, ga shi zai kai shi inda ya kai ɗan'uwansa. Kawunanmu kuma, Allah ya shirye su, har sun fara gyaɗuwa.

Mai Birki ya ajiye sifana. Ya taka ya sha gabansa, ya zare murfin daga hannunsa, ya juye shi a kwatar da baƙin mai ke bi. Ya koma ƙarƙashin motarsa.



"Za ka yi bayani a rubuce!" in ji Injiniya. "Ɓarnar kayan aiki! A gaban shaidu!"

Shaidu duk muka duƙufa kan injuna.

Da aka tashi aiki, kowa ya watse, Yallaɓai Injiniya na tsugune a bakin kwata. Ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ya karkata kai don ido mai lafiya ya samu hanya, yana laluben gilashin a cikin baƙin mai da yatsa ɗaya, a hankali, kada ya yaga shi.