Ranar Da Na Ce Usta Ya Fita

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya wawushe mini komai, da shekarar da na karye a idon sawu. Azabar karayar ta daɗe da wucewa. Abin da ya biyo bayanta ne ya ƙi barina, shi kuma zan ba ku labari, tun da mutanen Simsim, yankin gonakin da na yi aiki, sun riga sun baza shi yadda suka ga dama.

A lokacin ni direban tarakta ne a wani mashuru, irin manyan gonakin dawa da riɗin nan da ake nomawa da inji a kudancin Gadarif. Usta ake ce mini, wato gwanin direba, kuma sunan ya shiga kaina sosai. Tafiya nake ƙirji a gaba, hula a karkace, ina ganin duk namijin da ba ya warin baƙin mai da sauransa. Da a ce wani babban abu ne ya karya ni, da na ji daɗin ba da labari. To, iska ce kawai ta fizge mini hula a tsakiyar rani muna sharar gona, na dirgo daga kan tarakta ban duba ƙasa ba. Wanda ya san baƙar ƙasarmu da rani ya san yadda take tsattsagewa har hannu ya shige. Ƙafar hagu ta faɗa cikin tsaga ta tsaya, sauran jikina ya ci gaba da tafiya. (Hular kuwa har yau ba a gan ta ba.)

A asibiti aka yi mini aiki, aka sa ƙarfe da kusoshi, aka naɗe ƙafar da jibis, farin simintin ɗori, har gwiwa. Likita ya ce kada ta kuskura ta taɓa ƙasa sai ya ba da izini. Aka kwaso ni gida aka shimfiɗe a kan angareb, gadonmu na igiya, a rumfar tsakar gida.

Daga ranar mulki ya bar hannuna ya koma hannun Inna, mahaifiyata. Ita ke cewa a juya ni, ita ke cewa a tashe ni, ita ke cewa na yi barci ko ba na jin barci. Hawwa matata ta koma mai wanka da shafa da tokare ƙafa da matashi. Yayana Musa kullum da safe sai ya biyo kafin ya wuce kasuwa, ya goya ni ya kai ni bayan gida, yana nishi yana cewa, "Wallahi ko buhun dawa ya fi ka sauƙi." Bai yi ƙarya ba, don Inna ta yi imani farfesun ƙafar saniya ne ke haɗa ƙashi, safe da yamma sai na sha. 'Yan dubiya su shigo suna "Kaffara, ya Usta," wato sannu da jiki, su tarar da ni da kumatu, su fita suna mamakin wane ne marar lafiyar. Ni kuma ba majinyacin kirki ba ne: mita, tsaki, ruwa ya yi zafi, ruwa ya yi sanyi. Amma in faɗi gaskiya, ban san ana sona haka a gidan nan ba sai da na kwanta, kuma sau da yawa na juya fuska ga zana don kada a ga idona ya cika.

Da aka cire jibis sai ga ƙafa siririya, busasshiya, a sandare kamar muciya. Ƙashi ya haɗu, likita ya ce in fara takawa da sanda, amma idon sawun ya ƙi lanƙwasuwa. Kuma ta hagu ce, wadda ake taka kuloci da ita. Kulocin tarakta kuwa ba na wasa ba ne, sai ka ba shi nauyinka duka yake sauka.

Ana cikin haka hadari ya fara haɗowa daga wajen Habasha. Alhaji Adam, wakilin mai gonar, dattijon da ke ɗauka da sallamar direbobi, ya aiko cewa ranar Juma'a zai biyo ya duba ni. In ƙafa ta taka kuloci, kujerata na nan. In ba ta taka ba, zai ba Tijjani, abokin aikina da ya daɗe yana yi wa taraktata kallon ƙauna. A aikinmu, wanda ya rasa kujera a farkon damina ya rasa shekarar duka, don da zarar laka ta rufe hanya ba mai shiga ba mai fita, kuma baɗi ba lalle a tuna da kai ba. Ni ga gida a wuyana, ga wata da watanni ina kwance ana ɗawainiya da ni. Abinci ma ya daina yi mini daɗi.

Inna ta murza ƙafar, ta juya ta, ta ce, "Sanyi ne ya kama jijiya. Dukhan za a yi mata."

Ga wanda bai sani ba, dukhan rami ne a bayan ɗaki, a sashen mata. Ana kunna itacen talha a ciki, a ɗora tabarma mai huda a tsakiya, mace ta shafe jikinta da mai ta zauna a kai, ta lulluɓa da wani bargo mai kauri da ake kira shamla, hayaƙi ya yi ta ratsa ta. Fata ta yi laushi ta yi jaja-jaja, ga wani ƙamshi da kowane namiji a Sudan ya san na matan aure ne, ya kuma san abin da yake nufi. Ba a taɓa jin Usta a kansa ba.

Na ce, "Haba Inna! Ni? Da gemuna?"

Ta ce, "Gemun ne zai taka maka kuloci? Kai dai miƙo ƙafa, ba wanda ya ce ka zauna."

Ranar farko ƙafa kawai na zura a ƙarƙashin shamla, ina zaune a kan kujera ina harare-harare. Hayaƙi ya yi ta tserewa ta gefe, Inna ta ce ana ɓarnar itace. Kashegari aka ce in ɗan matso. Kafin in farga an tuɓe ni, an shafe ni da man riɗi tun daga wuya, an dasa ni a kan tabarma, Hawwa tana gyara mini shamla tana cije leɓe don kada dariya ta kufce mata.

To, ga abin da ban taɓa faɗa a gaban maza ba: akwai daɗi. Wallahi akwai daɗi. Ɗumi ya bi bayanka ya hau, duk gajiyar da tarakta ta tara maka a ƙugu ta narke, gumi ya yi ta zuba, barci ya yi ta fizgarka. Na zauna ina tunanin ashe abin da matan nan suke ɓoye mana ke nan. Cikin 'yan kwanaki ni ne mai tambaya, "Hawwa, yau ba a kunna ba ne?" (Da murya ƙasa-ƙasa, kamar ina tambaya don lafiya kawai.) Ƙafa kuwa ta fara motsi, ko hayaƙin ne ko murzar da Inna ke yi mata bayansa, Allah masani.

Ranar Alhamis da hantsi Inna ta tafi kasuwa sayo ƙafar saniya. Hawwa ta zaunar da ni a kan rami, ta wanke jallabiyata ta shanya a rumfa, igiya ta yi ƙasa sai ta ɗauki sandata ta tokare ta da ita. Ta ce za ta leƙa maƙwabta barkar haihuwa, yanzu za ta dawo. Na ce ta tafi abinta, na lumshe ido.

Sai na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Sai sallama, muryar Alhaji Adam. Ban amsa ba. Da yake sun saba zuwa dubiya, suka turo ƙofa suka shigo rumfa shi da Tijjani, suka tarar da angareb ba kowa. Tsakanina da su zana ce kawai, hayaƙi na bulbulowa ta samanta.

Na ji Alhaji ya yi gyaran murya, na hango ta hudar zana ya juya baya don kunya. Tijjani ya shaƙi iska ya ce, "Ya Hajj, ai ba sai an duba ƙafa ba. Gidan da ake wannan da hantsi, mai gida ya warke."

"Uskut, rufe mana baki, marar kunya!" in ji Alhaji. Sai ya sassauta murya, a zatonsa Hawwa ce a bayan zana, ya ce, "Ya bitti, 'yata, ma'alesh, yi haƙuri, mun shigo ba mu sani ba. Ina mai gidan?"

Jama'a, a nan hankali ya bar ni. Da na ce "Ga ni, ku ba ni wuri in sa riga," da an yi dariya an wuce. Amma sai na duba kaina, ga mai yana ƙyalli, ga shamlar mata, ga Tijjani da bakinsa ba ya riƙe magana. Na matse maƙogwaro, na siranta murya iya ƙarfina, na ce:

"Ya fita."

Abin da ya fito ya fi kama da kukan zakara mai mura. Alhaji ya ce, "Salamtik, sannu, muryarki ta dishe."

"Hayaƙi ne."

"Ya fita ina da wannan ƙafar?"

"Masallaci."

"Da hantsi?"

"Walha," na ce, don ƙarya in ta fara ba ta tsayawa.

Tijjani ya ce, "Usta da sallar walha? Lalle karaya ta shiryar da shi."

Alhaji ya ja numfashi. Ya ce ruwa ya sauka a Simsim jiya, shi ya sa ya zo yau bai jira Juma'a ba, kuma dole su wuce kafin kwari ya cika ya tare hanya. "Ki gaya masa mun zo ba mu same shi ba, ya yi haƙuri. Kalas, Tijjani, bana tarakta taka ce. Mu tafi."

Na ji takunsu ya nufi ƙofa. Garwashi kuma ya zaɓi wannan lokacin ya ruru a ƙarƙashina. Na tuna bayan Yaya Musa, na tuna hannun Hawwa da ya yi kanta da wanki, na tuna Inna tana can tana ciniki a kan ƙafar saniya domina. Yanzu in ta dawo in ce mata me? Na rasa aiki don na tafi walha? Tsoro ya fi ƙarfin kunya, na buɗe baki da muryata ta Allah da Annabi, wadda ake ji daga wannan gefen gona zuwa wancan:

"Ya Hajj, tsaya! Ina nan!"

Na miƙe, na damƙe shamla a ƙirji yadda mata ke ɗaura zani, na zagayo zana. Jikina na sheƙi, fatata ta yi kalar gasasshiyar masara, hayaƙi na fita ta wuyana da ta ƙafafuna, gemu na ɗigar da gumi. Suka juyo suka tsaya. Suka zuba mini ido.

Alhaji ya leƙa bayana, ya ce, "Ina Hawwa?"

"Tana maƙwabta."

"To, da wa na yi magana?"

"Da ni, ya Hajj."

Tijjani ya faɗa kan angareb yana dukan igiya, numfashinsa na sarƙewa, yana nuna ni yana ta sheƙa dariya. Alhaji kuwa ya toshe baki da bakin rawani, kafaɗunsa na rawa, ya daɗe a haka. Da ya samu kansa sai ya duba sandata da ke riƙe da igiyar shanya, ya duba ƙafata, ya ce, "Daga can ka tako har nan ba sanda?"

Sai a lokacin ni ma na lura.

Ya ce, "Yalla, zo ka taka kulocin motar nan in gani." Na ce a bari in sa riga. Ya ce rigata na ɗigar ruwa, hadari kuma ba ya jira. Haka na fita titi da shamla, daidai lokacin da matan unguwa ke fitowa daga gidan barka, Hawwa na tsakiyarsu. Ta gan ni ta ɗora hannu a ka. Na hau mota da ƙyar, na sa ƙafar hagu, na yi bisimilla, na danna. Ciwo ya harbe ni har kwanya, amma kuloci ya sauka har ƙasa. Alhaji ya ce in sake, na sake. Ya ce, "Kwayis, ya yi kyau. Ka shirya kayanka, za mu ɗan zaga kasuwa mu dawo mu ɗauke ka."

Ina ƙoƙarin saukowa in sulale cikin gida sai ga Inna da kwando a ka. Ta ji abin da Alhaji ya ce, ta sauke kwando ta rangaɗa guɗa, duk wanda bai fito ba ya fito. Sannan ta juya ga jama'a tana nuna ni da alfahari: "Kun gani? Dukhan ne! Kullum sai ya zauna, shi da kansa yake roƙo a kunna masa!"

Na samu kujerata, na yi shuka, na yi kaka, Allah kuma ya ba da dawa a shekarar. Kwanakin farko a kambo, inda ma'aikata ke kwana, duk inda na gifta sai a bi ni da shaƙar hanci, don ƙamshin talha ba ya fita da sabulu. Abin mamaki, wannan bai daɗe ba. Kafin tsakiyar damina masu ciwon baya sun fara jana gefe suna tambayar wane itace ne, kuma a ina ake samun mai kyau (wai don matansu). Abin da ba a yafe mini ba shi ne muryar. Duk wanda ya shigo kambo ya ce, "Ina Usta?" sai ƙarti su haɗa baki da siririyar murya: "Ya fita!" Yau gashina ya yi fari, na daɗe da barin tarakta, amma ko baƙo ya yi sallama a ƙofa, sai in ji Hawwa daga madafa tana gyaran maƙogwaro.

Abin da na koya ke nan: in kunya ta ritsa da kai, ka amsa da muryarka. Zaman rami ina da hujja, Inna ce ta sa ni, ƙafa kuma ta shaida. "Ya fita" kuwa ba wanda ya sa ni.