Ranar da Hulata ta Riga Ƙwallo

Zamanin mulkin gurguzu, da kowa ya zama kamarad a Kwatano, wani Bafaranshe mai sayen fata a wurina ya kai ni wasan golf, na buga ƙwallo da sanda zuwa rami, wajen unguwar Fidjrossè, tare da aminina Mudi. Bafaranshen ya tambaye ni, filin koyo zan fara, ko mu buga ramuka uku?

Na ce, "Koyo? Ni da na tashi da sandar kiwo a hannu?"

Mudi ya ce, "Alhaji, ko babbar rigar ka tuɓe mana."

Na harare shi. Ina kai duka, hannun riga ya zame ya naɗe sandar, sai ga ni a ƙasa. Ƙwallo ko motsi, hulata ce ta yi gaba.

Mudi kuwa bakinsa ba ya riƙe magana. Har yau in na ratsa unguwar Zango sai wani ya ce, "Alhaji, yau hula ta ci rami nawa?"