Ranar da na mari kawun matata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauke kawun matata da mari ba, kuma wallahi ladabi ne ya ja ni.

Kawu malamin jami'a ne, aikinsa tattara ire-iren bobuwa, ƙudan nan mai cizon raƙuma da shanu, don a san iri nawa ke Saudiyya. Ni kuwa direba ne a Kudai cikin Makka, sabon ango mai neman shiga wajen surukai. Da matata ta ce yana neman mota zuwa garken raƙuma a bayan Makka, ban bari ta rufe baki ba na ɗauko makulli.

A hanya ya bayyana mini cewa akwai wata iri mai koren ido da ya daɗe yana nema a yankinmu, in bai same ta ba aikinsa bai cika ba. Na yi ta gyaɗa kai (hankalina na kan yadda zan burge shi).

Muka wuni cikin rana, shi da ɗalibansa suna ta kai kawo da ragar kama ƙwari. Wajen la'asar sai na ga Kawu ya tsaya cak, ga wata ƙatuwar bobuwa a kuncinsa. Ɗaliban kuwa sun zuba ido, ɗaya na tahowa a hankali kamar mai tausayin ƙasa. Raina ya ɓaci. A gidanmu ba a kallon ƙwaro na cizon babba. Na yi tsalle na kai mata duka, ji kake tas, har tabaransa ya faɗi.

Kawu ya kama hannuna ya juya tafin, ya daɗe yana kallon abin da ya rage.

"Ya waladi, ɗana, ita ce," ya ce a hankali. "Halas, shi ke nan, buɗe hannun sosai."

Haka na tsaya da hannu a miƙe, yana tsince fiffike da ƙafafu a gaban ɗalibai, shatin yatsuna kwance a fuskarsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Har yau bai sake samun irinta ba. Yana kirana in kai shi, amma da mun isa sai ya ce in zauna a mota. Na dai koyi darasi: in ka ga masani ya tsaya ƙuda na cizonsa, ka riƙe hannunka, aiki yake.