Kanarin Aro

A shekarun tamanin ina koyar da kimiyya a Illela. Na ari kanarin maƙwabcina Alhaji Sani, na kankaro gansakuka daga bakin rijiya, na shiga aji ina ji da kaina.

Na ce, "Tsuntsun nan cikin dabbobi yake, masu tarko sun kusa ƙarar da irinsa. Gansakuka kuwa tsiro ce marar fure, ba ta ƙarewa."

Don a ga fukafukansa sosai, na buɗe kejin. Ya bi taga, ya nufi Ƙwanni, tsallaken iyaka. Aka bar ni da gansakuka a hannu.

Da na mayar wa Alhaji kejinsa wayam, na ba shi labarin darasin da zancen masu tarko, sai ya katse ni. "Mi kac ce? Ashe kai ka ƙarar da su."

Har yau tsofaffin ɗalibaina in sun hango ni sai su ce, "A ɓoye tsuntsaye, ga Malam Gansakuka nan."