Ranar da Na Je Ta'aziyyar Alhaji Badamasi

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ko na so in manta ɗalibaina ba za su bari ba.

Kwamfuta nake koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta a Jikwoyi, gefen Abuja. Injinan duk sun tsufa, wuta sai ta ga dama, janareto ya yi tari ya mutu, ni ma haka nake lallaɓawa. Intanet ɗinmu kuwa Alhaji Badamasi ke ɗaukar nauyinsa, wani Bakatsine mai shagon kayan gini, mahaifin ɗalibata Rukayya. Duk ranar da ya janye hannu, to darasina ya koma allo da alli.

A zangon nan abu ɗaya na sa a gaba: yadda ake tantance labarin intanet. Na ba yara tambayoyi uku. Wa ya faɗa? Da idonsa ya gani? Wa kuma ya tabbatar? Na sa suna rera su kamar karatun allo, har maƙogwarona ya bushe. (Na taɓa korar yaro daga aji don ya kwafo tarihin Abuja daga wani shafi marar suna. Allah ya yafe mini.)

Ina tsakiyar wannan wa'azi sai wayata ta yi ƙara. Saƙo ne a guruf ɗin unguwa: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya yi wa Alhaji Badamasi rasuwa." Na ɗaga kai, kujerar Rukayya ba kowa. Shi ke nan, a wurina magana ta tabbata.

Kun dai san mu da mutuwa. Gawa ba ta jira, in ka yi nauyin hannu wani ya rasa sallar jana'iza, alhakinsa na wuyanka. Nan take na tura wa guruf ɗin iyaye, da na malamai, da na 'yan kasuwa. Na ga sanarwar ba lokaci, sai na ƙara mata da "jana'iza bayan azahar", tunda ai yawanci haka ake yi.

Shugabar makarantarmu, Madam Asabe, ta leƙo aji da waya a hannu.

"Malam, wannan magana ka confirm kuwa? Jiya jiya na gan shi a junction."

"Haba Madam," na ce, "da mutuwa ake wasa?"

Ta ba mu motar makaranta. Na kwashi 'yan ajin su Rukayya muka kama hanya. (Gaskiya ɗaya ce: rabin zuciyata na yi masa addu'a, rabi na tunanin wa zai riƙa saya mana data.)

Ƙofar gidan ga rumfa, ga kujerun roba, ga maza a zazzaune. Ƙanshin suyar nama ya bugi hancina, na ce a raina masu hali ko sadakarsu da wuri take fara fita. Na jera yara, na durƙusa gaban wani dattijo, na sassauta murya.

"Baba, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Ya dube ni da goro a baki. "Wa?"

Kafin in amsa, sai ga mamacin ya fito daga soro cikin farar babbar riga, waya a kunne, Rukayya na bin sa da faranti na dabino, hannunta duk lalle. Suna ake yi. Matarsa ce ta haihu. Daga baya na ji cewa wani mai wucewa ne ya ga rumfa da sassafe ya yanke hukunci, ni kuma na ɗaura wa labarin rawani na sa masa lokaci.

Ban gama miƙewa ba sai ga 'yan kasuwa suna sauka daga keke mai ƙafa uku, sun rufe shaguna, wani har da hawayensa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na gode mata.

Alhaji bai ɗaga murya ba, shi ya fi ciwo.

"Malam, labarinka ya riga ni zuwa Katsina. Tsohuwata ta faɗi a tsakar gida. Na kira ta, ta ce ba muryata ba ce, lallashinta ake yi. Sai da aka nuna mata fuskata a waya ta yarda ta sha ruwa."

Kunya daban, wannan kuma daban.

Ya ɗaga yatsa ɗaya. "Wa ya faɗa?" Ya ɗaga na biyu. "Da idonsa ya gani?"

Yaran da ke bayana, waɗanda na horar da kaina, suka ƙarasa masa a tare cikin rerawa: "Wa kuma ya tabbatar?"

"Rukayya ta hana ni sakat da su a gida," in ji shi. "Ko maganin basir zan tura wa mutane sai ta tsare ni. Ashe mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi."

Na ba shi haƙuri, na roƙi lambar tsohuwa na ba ta nata. Ina jira ya ce a cire masa suna daga maganar intanet, sai ya sa aka zubo mini nama.

"Ci, Malam. Intanet zan ci gaba da biya. Na ga malamin ma bai sauke karatun ba."

Har yau ina koyar da tambayoyin, sai dai murya ƙasa ƙasa, domin da na fara wani zai ce daga baya, "Bayan azahar, Malam." Na gaji da hukunta su, na bari.

Abin da na koya kuwa shi ne, in aka ce wane ya rasu, wanen nake fara kira. In ya ɗauka, sai in ce gaisuwa ce kawai.