Ranar da Na Lulluɓe Injin Wanki

Ni da na raini 'ya'ya bakwai, sanyi bai taɓa kayar mini da ko ɗaya ba, injin wanki ne ya kunyata ni a unguwar Bronx ta Amurka.

'Yata Rabi za ta Yamai, ta bar mini gida. Ta ce, "Inna, sanyi mai tsanani na tafe, ɗakin baya da injin wanki yake kuma babu hita. Ki tsiyaye ruwan injin tas."

Na ce to. A raina na ce, yaran zamani. Wa ke shiga sanyi ciki wayam? Na cika shi da ruwan ɗumi, na lulluɓe shi da bargona na Makka.

Bayan kwana uku na ɗaga bargo. Ƙanƙara ce dunƙule guda, tiyo ya tsage. Na zauna a ƙasa ina salati.

Mai gyara ya dubi bargon, ya fita waje, ya dawo yana share ido. Ya ce, "Hajiya, sai haƙuri, ya mutu."

Rabi ba ta ƙara bar mini gida ba. Jikata Zainabu kuwa, da sanyi ya sauko sai ta leƙo: "Tsohuwa, na ji firji yana tari. A kawo bargo?"