Rasuwar Littafin Tanimu, Wanda Jikokina da Ragona Suka Kashe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, fushi kuma yana tafasa a ƙarƙashinsa, ni Alhaji Shitu mai goro, na Zangon Wagadugu, nake sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da abokan rumfa na kasuwar Rood Woko, da duk wanda ya sayi ƙosai a ƙofar gidana ranar Asabar da ta wuce, rasuwar abokin zamana, Littafin Tanimu. Bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi da hantsi a tsakar gidana, kuma na san waɗanda suka yi. Biyu daga cikinsu jinina ne, na ukun kuwa ni nake saya masa dusa.

Marigayi ɗan Kano ne. Iro mai atamfa ne ya kwance dila a rumfarsa ya tarar da shi a tsakiya, wani ya cusa shi don toshe gurbi. Maraya ya zo mana, ba bango, ba sunan wanda ya rubuta shi. Iro ya miƙo mini yana dariya, wai in kai wa Faransawan gidana ko za su gane harafi ɗaya. Jikokina yake nufi, Rilwanu ɗan wajen ɗana, da Shahida 'yar wajen 'yata, waɗanda lekol, makarantar bokon nan garin, ta cika musu baki da Faransanci, titi ya ƙarasa da yaren Mosi, ni kuma ban samu komai ba sai "ina kwana" da ake jefo mini a tsaye. Matata Hajjo ta ɗinka masa riga da ƙyallen atamfa, muka sa masa sunan yaron da ke cikinsa.

Ga wanda bai san shi ba, labari ne babi-babi na yara masu tasowa. Tanimu yaron birni ne da aka tura ƙauye hutu lokacin girbi. Ya je da takalmi mai igiya, mutanen gari suka yi ta yi masa dariya. Ya koyi yankan gero har hannunsa ya yi kanta, ya koyi ɗaurin dami, ya faɗa cikin rumbu sai da aka jawo shi ta ƙafa. Ana cikin haka Rafi'u ɗan sarkin fawa, wanda ya tsane shi tun ranar da ya sauka, ya kira shi dambe ranar bikin kalankuwa, bikin da samari da 'yan mata suke yi idan amfanin gona ya shigo gida.

Ni allo na yi. Boko tsintarsa nake harafi-harafi, idon ma yanzu ya gaji. Saboda haka na kafa doka: bayan la'asar a shimfiɗa tabarma gindin dogon yaro, babi ɗaya a rana, yau Rilwanu gobe Shahida, kuma ba mai leƙa gaba. Da farko dorina ce take kawo su. Kafin Tanimu ya faɗa rumbu, su suke riga ni zama.

Ina shaida marigayi mai haƙuri ne. Bai taɓa neman a sa shi a wuta ya yi caji ba, bai taɓa cewa ba reso, wato ba sabis, irin na telefon ba, bai taɓa yin kuka ana salla ba. Muryarsa ba ta wuce ɗan fyat ɗin nan ba idan an juya shafi. Sauran maganarsa duk da bakin jikokina ya yi ta. Har yanzu kunnena yana jin Shahida tana kwaikwayon kalangu, tindin, tindin, tindin, da Rilwanu yana kumbura murya yana kirarin Rafi'u. Kuma a dalilinsa na ji abin da na fid da rai zan ji: "Baba Tsoho, mene ne dami? Baba Tsoho, kai ma ka taɓa shiga rumbu?" Yaran da ba su san gero ba sai a kwanon awo. Ni da ubana ya ɗauko ni daga ƙauyenmu ina ƙaramin yaro ya ɗora mini huhun goro, ban sake ganin kalankuwa ba, ashe duk tana nan a kaina, ba wanda ya taɓa tambaya ne kawai.

Yanzu ga yadda aka yi kisan, kamar yadda na tatso daga bakin masu laifi, kowa daban.

Mun kai babin ƙarshe. An share fili, makaɗa sun zo, an naɗe wa Tanimu hannu, Rafi'u ya shigo yana tuma. A nan muka tsaya ranar Juma'a. Bisa layi, babin Shahida ne. Ranar Asabar da safe aka kira ni gaisuwar mutuwa a Wemtenga, na hau bayan moto, babur ɗin nan namu, na bar marigayi a kan tabarma. Rilwanu ya ce babin dambe ba na mata ba ne, ta bar masa. Shahida ta ce ai dokar Baba Tsoho ba ta ce namiji ko mace ba, in ya isa ya zo ya ƙwata. Sai suka yanke shawarar raba gardama yadda littafin da kansa ya koya musu.

Marigayi ya yi bayani dalla-dalla yadda ɗan dambe yake naɗe hannunsa da igiya. Rilwanu ya duba gidan nan kaf bai ga igiya ba sai wadda aka ɗaure ragon layyata da ita. Ya kwance ta. Ku riƙe wannan.

Shahida ba ta da igiya, sai ta ɗauki marigayi ta yi garkuwa da shi. Naushin farko a gadon bayansa ya sauka, ƙashin bayan ya karye nan take. Na biyu ya fitar da shi daga rigar atamfarsa, ya koma tsirara. Shahida ta dunƙule shi ta maka wa Rilwanu a baki, leɓe ya fashe, jini ya wanke babin girbi. Ya cafki gefe, ta cafki gefe, ta take masa ƙafa, ya fizgi kitsonta, kowa ya ja da iyakar ƙarfinsa. Maƙwabciyarmu ta ce daga bayan katanga ta ji kyat ɗin. Wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe a duniya.

Da Rilwanu ya duba ya ga rabin farko ne a hannunsa, wanda ba dambe a ciki, sai ya yi jifa da shi ta kan katanga. Ya faɗi a titi gefen Hajjo tana suyar ƙosai. Hajjo ba ta karatu, kuma ta saba yaran suna jefo mata tsofaffin takardun lekol ta yi ƙunshi. Har albarka ta sa musu. Ta bi shi shafi-shafi tana yaga tana zuba ƙosai da yaji. Matar da ta ɗinka masa riga da hannunta ita ta yi masa gunduwa-gunduwa ta raba wa unguwa.

Rabin ƙarshe kuwa Shahida ta ɓoye shi a bayanta tana yi wa ɗan uwanta gwalo. Ba ta san ragon yana tsaye a bayan nata ba. Ya fizge, ya tauna, ya haɗiye filin damben da makaɗansa da Tanimu da Rafi'u gaba ɗaya. Rilwanu ya yi kansa zai zaro daga bakinsa, rago ya ja da baya ya zuba masa karo a ciki, ya tafi da shi har jikin randa. Randar ta fashe. Abin da ya faɗo daga bakin ragon ruwa ya bi ta kansa ya zama kunu.

Haka na dawo na tarar: jini, kasko-kasko na randa, yaro a kwance yana neman numfashi, yarinya da rabin kitso, rago yana tuƙa yana kallona ido cikin ido. Na sauko da dorina daga ƙusa. Na ɗaga ta. Sai hannuna ya tsaya a sama, domin na tuna idan na farfasa musu baya yau, gobe bayan la'asar wa zai zauna a gabana? Na mayar da ita, amma ba nesa ba.

Na koma wajen Iro. Ya buga wa mutanensa na Kano waya, suka ce littafin da ba bango ba suna, a ce a nemo wa? Marigayi bai bar ƙani ba.

Ya rasu ya bar tsoho ɗaya da bai san ko Tanimu ya tsaya ko ya faɗi ba. Ya bar riga ta atamfa ba jiki a ciki. Ya bar Hajjo, wadda ta ƙi cin ƙosanta tun ranar. Ya bar tabarma a naɗe, da yara biyu da ba sa yi wa juna magana, kowa ya koma ƙuryarsa ya dasa ido a telefon. Wannan ne ya fi ci mini rai, ya fi randar, ya fi ƙarshen labarin ma.

Gado ɗaya ya bari. Jiya Shahida ta zo ta durƙusa, ta rantse cewa tun makon jiya ta saci ido ta karance babin ƙarshe a bayan ɗaki. A dokata wannan laifin dorina ne. Yau kuwa duk Wagadugu ba wanda ya san abin da ya faru a filin nan sai ita da cikin rago. Na ce ta faɗa mini. Ta ce ba ta faɗa sai Rilwanu yana zaune yana ji, a gaban mutane, daga bakin mace. Rilwanu ya ce ƙarya take yi, ƙirƙira za ta yi. Na ce to ya zo ya kama ta.

Jana'iza za a yi ta ranar Lahadi bayan la'asar, gindin dogon yaro a gidana. Ba za a yi masa salla ba, kada wani ya kai ƙarata wajen liman. Rami ne kawai za a tona, domin takardar da ta yi mini wannan hidima ba za ta ƙare a kwata ba. Duk wanda ya sayi ƙosan Hajjo ranar Asabar, ina roƙonsa ya duba aljihu, da kwandon moto, da ƙarƙashin gado, ya kawo abin da ya samu, ko da mai ya jiƙa shi. Za a jera gaɓoɓin, masu kisan su karanta abin da zai karantu, sannan a naɗe su a rigarsa a binne. Rilwanu ne zai tona ramin da hannun da ya yi naushin. Bayan haka zai zauna a sahun gaba da kumburarren leɓensa, riƙe da igiyar nan, wannan karon da ragon a ƙarshenta. Shi ragon an ɗage hukuncinsa zuwa babbar salla, kuma ni zan riƙe wuƙar.

Daga nan Shahida za ta miƙe ta ba da babin ƙarshe da Hausa zalla. Kalmar Faransanci ɗaya, ta koma farko.

Washegari kuma za a shimfiɗa tabarma yadda aka saba. Littafi ya tafi, amma ni na ga kalankuwa da idona, na ga an kai ƙato ƙasa har haƙorinsa ya fita, kuma ban riga na shiga rami ba, saboda haka daga bakina za a ji. Babi ɗaya a rana, ba mai leƙa gaba, don wannan karon ba inda za a leƙa.

Masu zuwa ta'aziyya, akwai goro. Kada kowa ya kawo ƙosai. Idan kuma ta bayyana Tanimu ne ya faɗi, kowa ya tashi ya tafi gidansa a hankali, kada wanda ya yi mini magana.